Wasiƙa Zuwa ga Masu Injin Yasa

Zuwa ga 'yan'uwana masu aikin yasa a koguna da tafkuna da madatsun ruwa. 

Dalilin wannan takarda shi ne ganin yadda sana'arku ta yaɗu, har ta kai mutum uku ko huɗu suna iya haɗa jari su sayi injin da ake ɗorawa a bayan babbar mota, a sauke shi a bakin ruwa da hantsi, a ɗaure shi bisa durom-durom, kafin la'asar ya fara aman laka. Kuma duk sana'ar da kayan aikinta suka riga iliminta isowa gari, wajibi ne a zauna da masu yinta a yi musu nasiha.

Ku sani wannan injin yana da nasaba mai tsawo. A ƙarni na 9, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, malaman hisabi na Bagadaza, sun siffanta a cikin Kitabul Hiyal wata na'ura mai muƙamuƙi biyu, wadda ake zurawa cikin ruwa ta damƙo abin da ke ƙasa. Mutanen Amsterdam, waɗanda taɓo ya addabi tashar jiragensu, suka ƙera injin kwasar laka a ƙarshen ƙarni na 16, da fari mutane ke juya shi da ƙafa, daga baya aka sa dawaki. Mashigin Suwais kuwa, da aka fara haƙa a 1859 da talakawan Masar na aikin tilas, masu ɗaukar ƙasa a kwanduna, bai kammala a 1869 ba sai da aka kawo manyan injunan tururi masu jerin bokitai. Daga nan famfo mai tsotso ya shigo, aka sa masa haƙora a baki don ya sassaƙe ƙasa mai tauri, irin wanda kamfanin Ellicott na Baltimore, da aka kafa a 1885, ya ƙera wa masu haƙa mashigin Panama. Duk waɗannan jirage ne na hukumomi da manyan kamfanoni. Ƙaramin da mota ɗaya ke ɗauka, kamar Mud Cat da ya fito a Amurka a 1971, shi ya kai yasa ga tafkin da jirgi ba ya iya shiga.

To, wanda ya yi ta'ammuli da wannan tarihi zai lura cewa hikimar masu ƙira duk ta ƙare ne a kan ɗago laka daga ƙasan ruwa, alhali mas'alar inda za a zuba ta bayan an ɗago, wadda ita ce rabin aikin, har yau tana wuyan mai injin. Wanda ya tara laka a bakin gaɓa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ruwan farko na damina zai mayar da ita inda aka ciro ta, ya zama an ƙona dizal a banza, an kuma ci haƙƙin wanda ya biya. Saboda haka, kafin ku tayar da injin, ku nemi fili nesa da gaɓa, da izinin mai shi, ku kewaye shi da ganuwar ƙasa, ku bar wa ruwa mafita daga sama a can ɗaya ƙarshen, domin laka ta kwanta, ruwa ya koma garau.

Abin da ke bin mesa ruwa ne mafi yawansa, ƙasa kaɗan ce a ciki, kuma gwaninta tana cikin dama su kamar yadda ake dama kunu: in ya tsinke an yi hasarar mai, in ya yi kauri gudu ya ragu, yashi ya kwanta a bututu ya toshe shi. Kada ku kashe injin da yamma sai kun ɗaga bakin tsotso ya sha ruwa zalla ya wanke layin gaba ɗaya, in ba haka ba ku wayi gari kuna kwance bututu gaɓa-gaɓa. Farfelar famfo ma yashi yana cinta kullum, a riƙa buɗewa ana dubawa.

Kogi kuwa ba ya daina kawo yashi don an yashe shi sau ɗaya. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a Lokoja da yasar kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, kuma irin wannan hanya, in ba a bi ta da yasa shekara-shekara ba, ambaliya tana cike ta. A kwarin Haɗeja, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya yashe can bai tumɓuke saiwarta ba, zai dawo baɗi.

Ku kuma masu ɗibar yashi don sayarwa ga magina, ina roƙonku da girman Allah ku nisanci gindin gada da ƙafar madatsa, kada kuma ku bar rami mai zurfi a mashayar da yara ke wanka ko makiyaya ke ratsawa da shanu, domin ruwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. In haƙar ta zama dole, ku kafa alama, ku sanar da mai unguwa da sarkin ruwa kafin ku naɗe mesa.

Haza wasalam.