Vince Clarke da Tsohon Zargin da Ake Yi wa Kiɗan Na'ura

A ƙarshen 1981 ƙungiyar Depeche Mode ta fara jin ƙanshin ɗaukaka. Kundinta na farko, Speak & Spell, ya shiga kasuwa, waƙar "Just Can't Get Enough" kuma ta kutsa cikin goman farko a Birtaniya. A daidai wannan gaɓa ne Vince Clarke, ɗan shekara 21 daga garin Basildon, wanda ya rubuta mafi yawan waƙoƙin kundin, ya tattara nasa ya nasa ya fice. Ba wauta ba ce, domin abin da ya tafi da shi ya fi sunan da ya bari daraja.

Tun farko akwai zargin da ke bin masu irin sana'arsa: wai na'ura ce ke yin aikin, mutum danna maɓalli kawai yake yi. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake kushe kiɗan fiyano na situdiyoyin Kano, ana gwada shi da kalangu da kukuma, ya san wannan magana. Rayuwar Clarke ta isa amsa.

A 1982 ya haɗu da Alison Moyet, mai kakkaurar murya, suka kafa Yazoo. Waƙarsu "Only You" ta kai matsayi na biyu. Shekara guda bayan haka, ƙungiyar The Flying Pickets ta sake rera ta da muryoyi zalla, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a makon Kirsimeti na 1983. An kwance wa waƙar duk wata waya da lantarki, ba ta faɗi ba. Ashe ƙarfinta yana cikin karinta da tsarin kalmominta, abubuwan da na'ura ba ta ƙirƙiro masa ba.

Yazoo ta watse bayan kundi biyu. A 1985 Clarke ya sa talla a jaridar Melody Maker yana neman mawaƙi, ya zaɓi Andy Bell, aka haifi Erasure. Wanda aka sani da saurin barin wuri sai ga shi ya zauna shekaru kusan 40, ya fitar da "Sometimes" da "A Little Respect", kundin The Innocents na 1988 ya hau matsayi na ɗaya.

Masu sukar suna da ɗan abin kamawa. Wasu waƙoƙinsa na farko sun yi sauƙi har kamar na wasan yara, kuma Depeche Mode ta yi zurfin da ba ta yi ba a hannunsa bayan Martin Gore ya karɓi alƙalami. To amma wannan hukunci ne a kan marubuci, kuma da zarar an fara auna marubuta biyu da ke amfani da na'ura iri ɗaya, zargin farko ya riga ya rushe.

A 2020 aka shigar da shi zauren Rock and Roll Hall of Fame tare da ƙungiyar da ya bari shekaru 39 baya.