Jan Ferrari Ba Wahayi Ba Ne

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu sha'awar motocin tsere, har ta iso majalisun matasanmu: mutum ya mallaki mota mai gudu, launinta ya gundure shi, shin ya halatta ya sake mata fenti? Wani ɓangare ya ɗauki abin tamkar saɓo. A wurinsu Ferrari ja ce, wanda ya mayar da ita shuɗiya ya ci mutuncin asalinta. Da waɗannan nake jayayya, domin asalin da suke karewa ba su bincike shi ba.

Ja ba Enzo Ferrari ne ya ƙago shi ba. A farkon ƙarni na ashirin, da aka fara tseren motoci tsakanin ƙasashe, kowace ƙasa ta sami launin da ake gane motocinta da shi daga nesa: Faransa shuɗi, Ingila kore, Jamus fari, Italiya kuwa ja. Alfa Romeo da Maserati sun yi tsere da ja tun kafin mota ta farko mai sunan Ferrari ta fito a 1947. Launin da Enzo ya zaɓa da kansa shi ne ruwan ɗorawar da ke bayan baƙin dokin tambarinsa, launin garinsu Modena. Jamusawa ma ba su tsaya kan farinsu ba. A shekarun 1930 motocin Mercedes da Auto Union suka koma ruwan azurfa, kuma babu wanda ya ce sun yi ridda.

Ga abin da ya fi wannan. A 1964 Enzo ya yi rigima da hukumar tseren ƙasarsa, ya fusata, sai motocinsa suka shiga tseren ƙarshe biyu na shekarar, a Amurka da Meziko, cikin fari da shuɗi. A cikin wannan launi John Surtees ya zama zakaran duniya. Mai abu da kansa ya tuɓe jan a ranar da ya ga dama, sai ɗan kallo ne zai hana wanda ya biya kuɗinsa?

To amma kada wani ya ɗauka na ce a ruga wurin mai fenti. Canza launi aiki ne na daban da sabunta tsohon launi. In za a yi shi bisa ƙa'ida, sai an cire gilasai da fitilu da robobin ƙofa, an bi bakin ƙofofi da cikin but da ƙarƙashin murfin injin. Wanda ya nemi araha zai sami mota shuɗiya a waje, ja da zarar an buɗe ƙofa, kamar mai sabuwar riga a kan tsohuwar taguwa. Mota kuma in tana cikin waɗanda aka ƙera kaɗan, kamar 250 GTO da ba ta kai arba'in ba, masu tara irinsu suna biyan kuɗi ne saboda tarihinta, har kamfanin ya buɗe sashen Classiche mai tantance asalin tsofaffin motocinsa. Wannan lissafin kasuwa ne, kuma na yarda da shi. Mai shakka yana da mafita: ledar da ake manna wa bodi, wadda ake ɓarewa in an gaji da ita, ko da yake ranar ƙasashenmu ba ta barinta ta yi tsawon rai. Wanda ya zaɓi baƙi kuwa ya tuna da ƙurar hunturu.

Inda ya kamata a ɗaga murya, can ne masu kare ja suka yi shiru. Yawancin motocin da ke sauka a tashoshin Kwatano da Tema an riga an hau su a Turai ko Amurka, wasu kuma haɗari ne ya sa aka sayar da su. Sau nawa sabon fenti yake rufe lotsawar da aka cike, ko tsatsar da ta ci ƙarfe? Malaman fikihu sun daɗe da yanke hukunci: ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Akwai ƙaramar na'ura mai auna kaurin fenti, tana tona irin wannan asiri cikin minti kaɗan, sai dai masu saye nawa ne suka san da ita?

Saboda haka mai mota ya zaɓi launin da ransa ke so. Ya ɗauki hotonta kafin aiki da lokacin da aka kankare ta, ya adana rasit, ya je a gyara launin a takardunta don kada jami'an hanya su ga takarda ta ce ja, ido ya ga shuɗi. Ranar da zai sayar, ya miƙa wa mai saye hotunan tare da makulli.