Zuwa Ga Ɗan Kwangilar Da Ya Haƙa Kwalbatin Layinmu

Alhaji,

Na rubuto maka ta wannan hanya ne saboda tun da katafilarka ta bar layinmu ban sake sa ka a ido ba. A ofishinka a ce mini kana wurin aiki, a wurin aiki a ce ka yi tafiya, wayarka kuma yaronka ke ɗauka. Ba zan ambaci sunanka ko na kamfaninka ba, don ba tozarta ka nake nema ba. Ka san kanka, mutanen layin nan ma sun san ka. Haƙƙina nake nema, kuma na zaɓi in faɗe shi a bainar jama'a domin ba gidana kaɗai ba ne a Njamena da aikin hanya ko na magudanar ruwa ya wuce ya bar wa itace matacce.

Aikin da aka ba ka muna so, mun ma daɗe muna roƙonsa. Duk wanda ya ga yadda kogin Shari da na Logon suka cika suka batse a watan Oktoban 2022, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, mutanen unguwar Waliya suka koma kwana a tantuna, sannan ruwan ya sake dawowa a 2024, ba zai yi gardama da kwalbati ba. Garin nan shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa laka ce mai riƙe ruwa, idan aka yi ruwan dare ɗaya sai layi ya yini ba ya shiguwa. Ranar da leburorinka suka iso, daga gidana aka fitar musu da ruwan sanyi.

Ga abin da suka yi wa darbejiyar gidanmu. Tana cikin gida ne, jikin katanga, rabin inuwarta a tsakar gida, rabi a kan layi. Direban katafila ya ja rami dab da katangar, ya datse manyan saiwoyinta na ɓangaren hanya gaba ɗaya. Da zai juya, hannun katafilar ya tsallako katanga ya karya babban reshe, reshen ya saɓule ɓawon gangar jikinta tun daga sama har kusan ƙasa, ya kuma tsaga katangar. Ko a nan aka tsaya, da wataƙila ta rayu, don darbejiya tana da taurin rai. Amma sai maginanka suka mai da bakin ramin, daidai inda saiwoyin suke a buɗe, wurin wanke injin kwaɓa siminti kowace yamma, a nan kuma aka juye baƙin man janareto. Uwargidana ta yi musu magana, ni ma na yi wa mai kula da aikinka magana, ya ce zai duba. Ruwan siminti yana ƙona saiwa, baƙin mai yana hana ƙasa shan iska, itacen da aka saɓule wa ɓawo kuma an yanke masa hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa gindi. Ganyenta ya yi rawaya, ya zube, rassan sama suka bushe. Yanzu a tsaye take, a mace, ta karkata wajen ɗakin mahaifiyata.

Da na matsa, sai yaronka ya zo da jaka goma a ambulan, ya ce in ji Alhaji a yi haƙuri, ga kuɗin itace. Ya ƙara da cewa ai ribar ma tawa ce, tunda zan faskara in sami na girki. Na mayar masa da ambulan ɗin. Na ji an ce ka ɗauki hakan a matsayin raini ko son a ƙara farashi. Ba haka ba ne, Alhaji. Kun yi mini lissafin busasshen itace, ni kuwa ba busasshen itace na rasa ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ya dasa ta. Yaƙin 1980 ya kore su, kamar dubban mutanen garin nan, suka haye kogi zuwa Kusiri ta Kamaru. Da ƙura ta lafa suka dawo suka tarar da gida ba ƙofa ba rufi. Kafin ya gama gyaran ɗakuna ya sa wannan dashe a ƙasa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mahaifiyata ta raine shi da ruwan alwala da na wanke-wanke, a lokacin da kowace garwar ruwa sai an saya ko an ɗauko daga nesa. Fiye da shekara arba'in ke nan. Waɗannan shekarun ne ke cikin kaurin gangar jikinta, kuma babu kasuwar da ake sayar da su, ko Babbar Kasuwa ko ta Dembe.

Kai ma ɗan garin nan ne, ka san watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, kwano ya ɗau wuta tun hantsi, lantarki kuma ba abin dogaro ba. A irin wannan lokaci gidan talaka ɗaki ɗaya gare shi da ake iya zama da rana, shi ne gindin itace. A nan ake girki, a nan tsohuwa ke yini a kan tabarmarta, a nan jarirai ke barci, a nan muka yi azumin bazara shekara da shekaru. Inuwarta ta yamma tana sauka a kan rufin ɗakin Inna, shi ya sa ɗakin ke kwantuwa da dare. Ta waje kuwa, tela da mai shayi da dattawan da ke jiran la'asar duk a ƙarƙashinta suke. Bana na kafa rumfar kwano a tsakar gida. Kowa ya san bambancin rumfar kwano da inuwar ganye: ganye yana fitar da danshi yana sanyaya iskar da ke ratsa shi, kwano kuwa zafin yake tarawa ya sauko maka da shi a ka. Inna, da shekarunta da hawan jininta, yanzu sai an kai ta gidan maƙwabta da azahar.

An gaya mini ka ce, ai darbejiya ce kawai, ko'ina tana fitowa. Gaskiya ne ba ta 'ya'yan sayarwa kamar mangwaro, kuma baƙuwa ce da aka kawo daga ƙasar Indiya. Amma don me ta cika garuruwanmu, daga Njamena zuwa Maiduguri zuwa Maraɗi? Don ita ce ke jure abin da sauran ba sa jurewa, ta riƙe ganye a tsakiyar bazara sa'ad da ake buƙatarsa. Ka je Makka, Alhaji. Itatuwan da ka fake a ƙarƙashinsu a filin Arfa yawancinsu darbejiya ce, dubbai aka dasa ake shayar da su don alhazai su sami inuwar yini ɗaya a shekara. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka jera ta layi-layi don tare iska, gonakin da ke tsakani suka ƙara yabanya. Iri ɗaya ce da wadda mutanenka suka kashe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan na tuna ƙarshen 2008 da farkon 2009, lokacin da gwamnati ta haramta gawayi da saran ɗanyen itace. Mun ga yadda aka tsare motoci a mashigar gari, mun ga matanmu suna girki da kashin shanu da ƙwallon goruba, wasu har da karyayyun kujeru. An ce mana hamada ce ke matsowa, dole kowa ya ɗanɗana. Muka ɗanɗana. A 2008 ɗin ne aka yi dokar gandun daji mai lamba 14, aka fara dashen da aka ce zai kewaye birnin ta wajen Gawi. A nan Njamena kuma, a watan Yunin 2010, shugabannin ƙasashen Sahel suka sa hannu kan kafa hukumar babbar katangar itatuwa da za ta ratsa nahiyar daga Senegal zuwa Jibuti. Ƙasar da ta hana tsohuwa buhun gawayi don kare itace, bai kamata a cikinta mai katafila ya kashe itacen shekara arba'in ya sallami mai shi da jaka goma ba. Idan dokar tana da haƙora a kan mai jaki da ɗaurin itace, ta kasance tana da su a kan mai kamfani.

Hujjarka ɗaya ce take da ɗan ƙarfi: cewa saiwoyin sun shiga hanyar gwamnati, kai kuma an zana maka inda za ka haƙa. Na yarda saiwoyin sun fita waje, saiwa ba ta san iyakar fili ba. Amma babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce ga ranar da za a haƙa, ga abin da zai iya faruwa. Tsawon da itacen ya shafa bai wuce 'yan taku ba. Da an sauke katafila a nan, leburori biyu da diga da shebur sun isa su haƙa da hannu, su bar manyan saiwoyi, su yanke ƙananan da zarto, su rufe da ƙasa mai danshi. Aikin yini ɗaya ne. Sannan takardar kwangilarka ba ta ce hannun katafila ya tsallako cikin gidana ba, ba ta ce a wanke siminti a gindin itace ba. Wannan ganganci ne, kuma a gaban shaidu aka yi shi.

Ka kuma ce ba kai ka tuƙa ba. Dokar farar hula da kotunan Chadi ke aiki da ita, wadda aka gada daga Faransa, ta rufe wannan ƙofa: sashe na 1382 da na 1383 sun ɗora wa duk wanda ya jawo wa wani asara, da gangan ko da sakaci, nauyin gyara ta, sashe na 1384 kuma ya ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaransa suka yi a bakin aikinsa. A wajen malamanmu na Malikiyya ma hukuncin sananne ne: a dukiyar mutane, kuskure da ganganci duk lamuni ɗaya ne, bambancinsu a zunubi yake, ba a biya ba. Tambayi limamin masallacinku.

Ka tambaye shi kuma labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, da ya zo a Suratul Anbiya, na gonar da tumakin wasu suka shiga da dare suka cinye. Masu tafsiri sun kawo cewa hukuncin Annabi Sulaimanu shi ne masu tumakin su karɓi gonar su yi ta wahala da ita har ta koma yadda take, mai gona kuma ya riƙa amfana da tumakin kafin nan. A ganina babu hukuncin da ya dace da ɓarnar itace kamar wannan. Ya lura da abu biyu da ambulan ɗinka ya manta: dawo da abin da aka lalata, da kuma asarar da mai shi zai yi ta yi a tsawon lokacin jira.

Kada ka ce ba a san yadda ake yi wa itace kuɗi ba. A ƙasar nan aka yi. Lokacin da za a shimfiɗa bututun mai daga yankin Doba zuwa Kiribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, kuɗin da aka fara sa wa itacen mangwaro 'yan jakkuna ne kaɗan. Manoma da ƙungiyoyin da suka tsaya musu suka ƙi, suka ce a lissafa shekarun da sabon dashe zai ɗauka kafin ya yi 'ya'ya, da abin da mai shi zai rasa a tsakani. Daga ƙarshe babban mangwaro ya kai sefa 550,000. Ba ina cewa darbejiyata ta yi daidai da wannan adadi ba ne, hanyar lissafin nake nuna maka. A wasu jihohin Amurka ma, wanda ya sare itacen wani da gangan ninki uku kotu ke sa shi ya biya, domin sun gane idan biyan ya yi arha, kowane mai gaggawa zai gwammace ya sare ya biya.

Ni ban nemi ninki uku ba. Ka turo masu sara da igiya su sauke ta reshe-reshe kafin iskar farkon damina, domin itacen da ya rasa saiwar ɓangare ɗaya ba ya jure guguwar da ke gaba da hadari, ɗakin Inna kuma yana ƙarƙashinta. Wannan shi ne na gaggawa, rai ne a ciki. Ka gyara katangar. Ka kwashe ƙasar da siminti da baƙin mai suka gurɓata, ka zuba mai kyau, in ba haka ba duk abin da aka dasa a nan mutuwa zai yi. Ka kawo dashe masu ɗan girma, ɗaya a cikin gida, sauran a bakin layi inda magajin gari ya yarda, da kejin ƙarfe saboda awaki, ka kuma ɗauki nauyin mai kurar da zai riƙa shayar da su har su wuce bazara uku. Dasawa ba ta da wuya, kowa ya ga dashen biki da aka yi wa hoto aka bari ya bushe. Shayarwar ce aikin. Game da shekarun da za mu yi ba inuwa, ban yanke kuɗi da bakina ba. A kira jami'in gandun daji ya auna kaurinta ya ƙiyasta, a zauna gaban mai unguwa da liman da dattawa biyu, naka ɗaya nawa ɗaya. Abin da suka yanke na karɓa, ko ya yi mini kaɗan.

Na riga na sa jami'in shari'a ya zo ya duba ya rubuta abin da ya gani, ina da hotunan ramin tun yana buɗe, maƙwabta kuma sun ce za su tsaya shaida. Ban kai takardar kotu ba tukuna, saboda mu biyu Musulmi ne 'yan gari ɗaya, kuma sulhu ya fi mini. Mai unguwa ya amince a zauna a zaurensa ranar Juma'a ta ƙarshen watan nan bayan la'asar. Ka zo da kanka, Alhaji, kada ka aiko yaro. Idan ba ka zo ba, ranar Litinin zan shigar da ƙara, in kuma kai kwafinta ofishin da ya ba ka kwangilar kafin a biya ka ragowar kuɗinka. Masu saran kuwa kada ka jira zaman, ka turo su cikin makon nan.

Wassalam.

Naka,
Mai gidan da ke da darbejiya a layin.