RA'AYI: Ba rana kaɗai ke cinye fentin motocin Gecheme ba

Duk wanda ya san Gecheme ko Tibiri ko Dogon Dutsi ya san irin motar da nake nufi. Wani ɗa ne da ke ci-rani a Legas ko Abijan ko Aljeriya ya tara gumin shekaru ya aiko da ita gida, don ta kai tsoho asibiti, ta ɗauki kaya ranar kasuwa, ta kuma shaida wa gari cewa tafiyar tasa ba ta banza ba ce. Ranar da ta iso tana sheƙi kamar madubi. Bayan damina biyu ko uku sai ka tarar rufinta da murfin inji sun koɗe, fenti ya soma saɓa kamar maciji, fitilun gaba sun yi rawaya. Kowa sai ya ɗora laifin a kan rana, a ce ai ƙasarmu ce haka.

Rana tana da nata kaso, babu musu. A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Doso kan haura maki 40, kuma jikin baƙar mota da ta wuni a fili ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Amma a ganina babban mai ɓarnar yana cikin gida: tsumman nan ne da ake miƙa wa yaro kowace safiya a ce ya goge wa mota ƙura.

Fentin da kamfani ke yi wa motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai mai launi, sai kuma wani garai-garai a sama wanda ba shi da launi ko kaɗan. Wannan na saman shi ke ba da sheƙi, shi ke tare hasken rana kada ya ci launin. Kaurinsa galibi mikron 40 zuwa 50 ne, wato sau da yawa bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Ita kuwa ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da jar ƙurar hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyukanmu da babbar hanyar RN1, cike suke da ƙwayoyin yashi masu taurin da ke iya karce gilashi ma. Idan aka ɗora busasshen tsumma a kansu aka murza, tamkar an bi motar da takardar yashi ta kafinta ce. A yi haka kullum, daga Nuwamba zuwa Maris, shekara bayan shekara. Waɗannan siraran zanen da kake gani kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta haska ƙofar mota, sawun tsumman ke nan. Ta nan shafen saman ke sirancewa, sai rana ta ƙarasa aikin. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka sa shi ya yi. Garin neman gira ne aka rasa ido.

Ranar wanki ma ba a tsira ba. A zuba omo a bokiti ɗaya, a tsoma soson da aka wanke tayoyi da shi, a bi jiki da shi, da tsakar rana. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, don haka yana wanke duk wani kakin kariya da ke jikin fenti. Ruwan rijiya kuma idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yakan bar farin tabo. Wasu ma har gazuwal suke shafawa don ta yi ƙyalli, sai ta koma tarkon ƙura.

Abin da masu wannan sana'a ke koya a ƙasashen da ta kafu ba wani sirri ba ne, kuma rabinsa ba ya bukatar inji. Ruwa kafin hannu: a fara kwarara ruwa ya tafi da yashi tukuna. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye ƙyalle, don kada yashin da aka ɗebo ya koma jiki. A fara daga sama a gangaro, tayoyi da nasu soson daban, a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a tsane da ƙyallen maikrofaiba mai laushi. Bayan haka a shafa kaki na mota duk bayan wata biyu ko uku, domin a zafi irin namu ba ya daɗewa. Gane ko kakin yana nan ba wuya: watsa ruwa, idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana nan, idan ya shimfiɗe ya ƙare. Na'urar folish kuwa a yi hattara da ita. Ba ta ƙara wa fenti komai, kankare saman take yi don ta shafe karce, kuma a hannun wanda bai ƙware ba tana iya cinye shafen saman a wuni guda.

Sai maganar wurin ajiya, wadda ta fi duk waɗannan sauƙi amma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum zai kashe miliyoyin sefa a kan mota, ya kasa kafa mata rumfar kara ko ta kwano mai ginshiƙi huɗu. A ce ai ga inuwar bedi. Inuwar tana da amfani, sai dai tsuntsaye ma can suke kwana, kuma kashinsu yana cin fenti idan ya wuni a zafi. Dole a jiƙa shi a ɗauke da wuri. Tamfol ɗin da ake lulluɓa wa mota mai ƙura shi ma idan iska ta yi ta kaɗa shi, aikin tsumman nan yake yi cikin dare.

Na san za a ce wannan maganar masu ƙoshi ce, a yankin da mata ke jan guga kuma damuwar mutane ita ce hatsi. Gaskiya ne fenti ba ya tuƙa mota. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyu ba, ya canza man inji tukuna. Amma mota a ƙauye jari ce, kuma ranar da bukata ta taso aka kai ta gaban dillali a Doso ko Yamai, jiki yake fara dubawa kafin ya ji ƙarar inji. Fentin asali yana da farashinsa. Wadda aka sake wa fenti kuwa, ko da ba ta taɓa gogar bango ba, mai saye zai yi zargin hatsari ya rage kuɗi. Sannan sauya mota ba kamar da ba ne. 'Yan Kwatano da muka saba gani suna shigowa ta gadar Malanbil zuwa Gaya, hanyarsu ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gefenta ba, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Wadda ke hannu dole a riƙe ta da kyau. Batun ruwa ma, bokiti uku ko huɗu sau ɗaya a mako bai kai abin da ake zubarwa da tiyo a wanki ɗaya a birni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matasa ke kallon aikin. Wankin mota a wajenmu aikin wanda ya rasa abin yi ne, ana yi ana ɓoye fuska, ana jiran kuɗin mota zuwa Agadas. Alhali tsakanin mai wanki da mai kula da fenti akwai tazarar ilimi, kuma ilimin ne ake biya. Wanda ya iya dawo da hasken fitilar da ta yi rawaya, ya san lokacin da folish zai yi amfani da lokacin da zai ce wa mai mota a'a, ba zai rasa abokan ciniki a Dogon Dutsi ba, inda motocin Yamai zuwa Konni da Maradi ke ratsawa dare da rana. Darussan suna nan a YouTube da Faransanci da Turanci, a wayar da ke aljihun kowa. Cibiyoyin koyar da sana'o'i na CFM da asusun FAFPA, waɗanda aikinsu ke nan, ya kamata su saka wannan a matsayin gajeren horo kusa da kanikanci da walda, domin kayansa ba su da tsada kamar na sauran.

Su kuma 'yan uwa da ke waje, idan za a aiko mota a haɗo da kuɗin rumfa, da ƙyallaye, da sabulun mota, da gwangwanin kaki. A ware wa ƙanen da zai riƙa kula da ita ladansa a wata, a kuma ba shi damar karɓar motocin maƙwabta da kayan.