Gyara ko sauyi: Lissafin tsohuwar motar da tsatsa ta ci a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya zaga unguwannin tsofaffin ma'aikata da attajirai a Birnin Kebbi ko Argungu, da wuya ya rasa ganin wata mota a fake cikin gida ko ƙarƙashin dogonyaro, tayoyinta sun nutse a ƙasa, fentinta ya kumbura, awaki na shan inuwa a gindinta. Akasari ba motocin haya ba ne. Motocin ƙawa ne masu ƙofa biyu, irin su Marsandi da Toyota Celica da Honda Prelude, waɗanda a zamaninsu sai ɗan gata ke hawa. Wasu masu su na raye suna cewa za a gyara idan hali ya yi. Wasu kuwa sun rasu, motar ta shiga jerin kayan gadon da ba a raba ba.

Shekara goma da suka wuce, wanda ya tambayi bakanike abin da zai yi da irin wannan mota, amsa ɗaya zai samu: ya sallamar da ita ya nemi 'yar Kwatano. Yau amsar ta daina zuwa da sauƙi, kuma dalilin ya fi alaƙa da tattalin arzikin ƙasa fiye da motar kanta.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa a kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Motar gwanjo da Dala ake sayo ta, da Dala ake biyan jirgin ruwa, kuma da farashin canji na ranar Hukumar Kwastam ke lissafa kuɗin fito, wanda a 2022 ya haɗa da harajin kashi 20 cikin ɗari da ƙarin kashi 15. Ga kuma haramcin shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da ya fara aiki a watan Janairun 2017, wanda ya shafi Jihar Kebbi kai tsaye, kasancewarta maƙwabciyar Jamhuriyar Benin da Nijar. Iyakar Kamba da aka rufe tare da sauran iyakoki a watan Agustan 2019 ba a sake buɗe ta ba sai a Afrilun 2022, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo wani rufin na watanni. Sakamakon duk wannan shi ne, motar da ma'aikacin gwamnati ke iya sauyawa da ɗan tari da bashin ƙungiya ta koma abin da sai dai ya hanga daga nesa.

Don haka idanu suka koma kan abin da ke cikin gida. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Dalar da ta tsauwala farashin sauyi ita ce dai ta tsauwala farashin gyara. Kayan gyaran da ake sayarwa Dala 200, a da Naira 92,000 ne; a kan canjin 1,500 ya zama Naira 300,000. Fenti da sinadarin narka shi da robobin gilashi duk daga waje suke zuwa. Abin da bai tashi daidai da Dala ba shi ne ladan hannun mai gyara, kuma wannan ne kaɗai rangwamen da mai tsohuwar mota yake da shi a ƙasar nan. A Turai da Amurka kuɗin aiki ne ke kashe irin wannan gyara. A nan kuɗin kaya ne, da ƙarancin wanda ya iya aikin yadda ya kamata.

Ina tsatsar ta tsaya?

Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan, tun kafin a ɗaga bonet a duba inji. Mutanenmu sun saba auna mota da lafiyar inji da giya. Idan ta tashi a bugu ɗaya, sai a ce tana nan garau. Amma inji abu ne da ake cirewa a ɗora wani cikin kwana biyu. Gangar jiki ita ce motar.

Motoci iri biyu ne ta fuskar gini. Akwai masu shasi daban, kamar a-kori-kura irin Hilux da manyan motoci, inda bodi ke zaune kan wasu ƙarafa biyu masu kauri. Idan bodin ya ruɓe ana iya ɗaga shi a ɗora wani. Ƙananan motoci kuwa, har da kusan dukkan motocin ƙawa na shekarun 1970 zuwa 1990, bodin shi ne shasin. Faifan ƙarfe ne siriri, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba a wurare da dama, aka lanƙwasa shi aka haɗa ya zama akwati mai ɗaukar nauyin komai. Ƙarfin motar na cikin dogayen bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen ciki, da wuraren da shokabzoba ke ɗaure, da inda aka kafa bel ɗin ɗaure jiki. Tsatsar da ta tsaya a ƙofa ko murfin but ko saman taya, matsalar kyan gani ce, kuma kowane fanabita mai haƙuri zai iya da ita. Wadda ta shiga waɗancan wurare kuwa ta ci ƙashin motar. Mota mai ƙofa biyu ta fi shiga haɗari a nan, domin ƙofofinta dogaye ne, ramin da ke gefenta ya fi faɗi. Idan kuma mai buɗaɗɗen sama ce, to babu rufin da zai taimaka, dukkan nauyin na kan ƙasan.

Tsatsa kuma daga ciki take farawa. Ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje. Kafin ƙurjin ya bayyana a waje, ta daɗe tana aiki a ɓoye, kuma abin da za a tarar idan aka kankare ya ninka abin da ido ya gani. Sai a tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Porsche ya fara lulluɓe dukkan bodin motarsa da sinadarin zinki mai hana tsatsa, Audi ya biyo baya a shekarun 1980, sauran kamfanoni suka shigo a hankali. Motar da aka ƙera kafin lokacin ba ta da irin wannan kariya.

Wani zai yi mamakin yadda tsatsa ke cin mota a ƙasar da rana ke ƙuna wata takwas. Gaskiya ne busasshen yanayin Arewa maso Yamma na kare ƙarfe fiye da iskar gishiri ta Legas ko Fatakwal. Amma kwarin Rima ƙasar fadama ce. Lakar da ta maƙale a ƙarƙashin mota lokacin damina tana riƙe danshi tsawon makonni. Buhun takin zamani da aka ɗauka a but zuwa gonar shinkafa, idan ya tsiyaye ya haɗu da ruwa, ya fi ruwan sama ɓarna. Ganyen bishiya na toshe magudanan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwa ya koma ciki ya kwanta ƙarƙashin kafet. Tamfol ɗin da ake rufawa da niyyar kariya, kan mota da ke tsaye a kan turɓaya, tara gumi yake yi. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa, kamar wadda ta yi wa jihar mummunar ɓarna a 2020, labarinta daban ne, domin ruwan ya shiga inda hannu ba ya kaiwa. Sannan da yawa daga cikin motocin da cutarsu suka iso, daga Kanada da arewacin Amurka da Turai, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi mai niyyar sauyi ma. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba duka ne masu lafiya ba. Wanda ya rabu da ruɓaɓɓiyar da ya sani ya sayi mai sheƙi ba tare da ya sa an ɗaga ta an leƙa ƙasanta ba, yana iya sayen irin matsalar da ya gudu, a kan ninkin kuɗi.

Gyaran gangar Auzinawa

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne irin gyaran da aka fi yi. A yawancin garejojinmu, idan aka kawo mota mai rami, sai a ɗora faifai a kan ruɓaɓɓen wurin, a ɗana walda da wutar kabaid, a shafe da fila, a fesa fenti. Mota ta fito tana ƙyalli, mai ita ya biya yana murna. Amma tsatsar na nan a ƙarƙashi, yanzu ma ta samu rufi. Zafin waldar ya ƙone fentin da ke bayan ƙarfen inda ba a gani. Fila kuwa ba ya ɗaukar nauyi. Bayan damina ɗaya ko biyu ƙurajen su dawo. Idan kuma aka yi karo kafin nan, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ko ta Jega, wurin da aka ƙera don ya tare bugu sai ya ɓare kamar kwali.

Bai kamata a ɗora wa masu gyaran laifin duka ba. Gyara na gaskiya na buƙatar a tuɓe motar, a yanke duk inda ya ruɓe har sai an kai lafiyayyen ƙarfe, a ƙera sabon yanki daidai da siffar na asali, a yi waldar da injin lantarki mai waya wanda ba ya lanƙwasa siririn faifai, sannan a shafe ciki da waje da maganin tsatsa. Aikin watanni ne, yana son wuta tsayayya, kuma ba kowane mai mota ne zai yarda ya biya kuɗin aikin da ba a gani ba. Mai gareji na yin abin da aljihun abokin cinikinsa ya nema ne.

A ganina, ga mafi yawan waɗannan motoci hukuncin a bayyane yake, ko da yake ba shi da daɗin ji. Idan sukudireba ta huda ƙasan ƙofa ko mazaunin shokabzoba da ɗan dannawa, kuma motar irin wadda aka ƙera dubbai ce, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Gara a cire inji da giya da gilasai da fitilu a sayar wa masu irinta, a bai wa 'yan gwangwan saura. Idan kuwa ƙashin na da lafiya, ruɓar ta tsaya a fata, to a halin da Naira ke ciki gyara ya fi sauyi riba nesa ba kusa ba, musamman ga motar da bakaniken gari ya san cikinta ba sai an jona mata kwamfuta ba. Zaɓin da ya fi kowanne asara shi ne wanda aka fi yi, wato a bar ta a tsaye ana jiran hali. Wannan ya fi ciwo idan kayan gado ce: kowace damina tana rage rabon magada, har da marayun da ba a tambayi ra'ayinsu ba, alhali babu wanda ya amfana da ita ko da na kwana ɗaya.

Akwai kuma 'yan ƙalilan da lissafin kasuwa bai isa ya yanke musu hukunci ba. Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, an harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, kuma ita ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Samfurinta mai ƙofa biyu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara, ya sake lashe gasar a 1978. Wannan samfuri kaɗan aka ƙera, kuma masu tara tsofaffin motoci a Turai na nemansa. Wanda ke da irinsa, ko motar da wani sarki ko gwamna ya hau a wani muhimmin lokaci, bai kamata ya miƙa ta ga mai sikeli ba kafin ya bincika lambar shasinta da takardunta.

A nan ne Argungu ke da abin da sauran garuruwa ba su da shi. Bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya daɗe yana tafiya da tseren motoci. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan kimanin shekara goma, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta shirya jerin gwanon motocin da aka harhaɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu. Shugabanta a lokacin, Jelani Aliyu, wanda ya tsara siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit. Jihar da ke da wannan tarihi, wadda gwamnatinta ta taɓa haɗa gwiwa da Aliko Dangote da Jihar Kaduna a 2016 wajen neman sayen kamfanin Peugeot na Kaduna, ba ta rasa hujjar ware wa tsofaffin motoci rukuni a bikin ba, ko ta ba biyu ko uku daga cikinsu mazauni kusa da Gidan Tarihi na Kanta. Idan akwai inda za a nuna mota, za a samu mai kashe kuɗin gyara ta da kyau. Idan akwai mai biyan kuɗin, matasan da ke koyon walda a kwalejin, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, za su ga dalilin koyon aikin faifai na gaskiya.

Ta ɓangaren gwamnatin tarayya kuwa, a 2025 NADDC ta ƙaddamar da ƙa'idojin yadda za a riƙa tattarawa da wargaza motocin da suka gama aiki. Manufar na da kyau, domin man inji da ruwan batir da ake zubarwa a ƙasa a wuraren fasa motoci, a gari irin Argungu da ke bakin kogi, ba nisa suke yi ba kafin su isa ruwan da masunta ke ci a ciki. Abin jira a gani shi ne ko tsarin zai iso jihohi irin Kebbi, da kuma ko zai bambanta gawar mota da motar tarihi. Kafin nan, 'yan gwangwan na ci gaba da zagaya unguwanni da kurarsu, kuma su kilo suke saye, ba su tambayar sunan mota.