TOTUR YA MAƘALE: MU DAINA FAKEWA DA "BIRKI YA TSINKE"



Duk sanda a-kori-kura ta kwace wa direba ta afka cikin 'yan tireda ko 'yan acaɓa, magana ɗaya ake ji: "birki ne ya tsinke." Direba ya faɗa, mai mota ya maimaita, jama'a su ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan an rufe zance. Ba wanda zai sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga abin da ya faru. Alhali akwai haɗurran da birkin lafiyarsa ƙalau. Totur ne ya maƙale a ƙasa, injin yana jan mota da dukkan ƙarfinsa, direba kuma bai taɓa jin abin da ake yi ba idan haka ta faru. Wannan sakaci ne, kuma da hannunmu a ciki, daga mai mota har direba har bakanike.

Ga wanda yake ganin tatsuniya ce, ga abin da ya faru a Amurka. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diego na jihar Kalifoniya, wani jami'in 'yan sandan hanya yana tuƙa Lexus ES350 da dillalin mota ya ba shi aro. Totur ya maƙale, motar ta zarce gudun kilomita 160 a awa, ya mutu shi da matarsa da 'yarsa da ɗan uwan matarsa. Bincike ya nuna shimfiɗar roba ce ta wata motar daban aka sa a ƙarƙashin ƙafar direba, ta fi wurin girma, ta riƙe totur. Mutumin da tuƙi da kula da hanya ne aikinsa, shimfiɗar roba ta yi ajalinsa. To ina ga yaron da jiya-jiya ya tashi daga karen mota ya zama direba?

Bayan wannan haɗarin kamfanin Toyota ya yi kiran motoci kimanin miliyan 3.8 domin gyara, ya kuma ce masu su su cire shimfiɗar gefen direba kafin a gyara. A cikin jerin akwai a-kori-kura guda biyu da muka sani sarai: Tacoma ta 2005 zuwa 2010 da Tundra ta 2007 zuwa 2010. A watan Janairun 2010 aka sake kiran wasu miliyan 2.3, wannan karon saboda totur ɗin kansa: idan ya kwana biyu ya ci, danshi ya shige shi, sai ya riƙa nauyin dawowa ko ya tsaya a inda aka taka shi. Tundra tana cikin wannan jerin ma. Shugaban kamfanin, Akio Toyoda, sai da ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairun 2010. A 2014 kamfanin ya yarda ya biya tarar dala biliyan 1.2 bayan ya amsa cewa ya yaudari jama'a a kan matsalar. Ko a kwanan nan, a watan Afrilun 2024, Tesla ta yi kiran a-kori-kurarta mai suna Cybertruck guda 3,878, saboda marfin da ke kan totur yana zamewa ya cije a jikin mota. Dalili? Sabulu aka shafa wajen haɗa shi a masana'anta.

Wani zai ce wannan matsalar Amurka ce, me ya dame mu? Tambayar ita ce: motocin da ke sauka a Apapa da Tin Can, da waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, daga ina suke? Da yawansu daga Amurkar suke. A can kamfani yana aika wa mai mota wasiƙa ya kawo a gyara kyauta. Wanda ya kai ya kai, wanda bai kai ba ya sayar, aka yi gwanjonta, aka loda a jirgin ruwa. Mota ta iso, wasiƙar ba ta biyo ta ba. Mai saye a nan zai duba fenti, ya duba taya, ya kunna rediyo, ya ji sanyin iya-kwandishan, ya biya miliyoyi. Amma lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, wadda zai sa a shafin hukumar NHTSA ta Amurka a intanet ya ga ko akwai gyaran da ba a yi ba, kyauta, cikin minti biyu, ba ruwansa da ita. Dillali ba zai gaya maka ba, shi kamashonsa yake nema. Idan kai mai kuɗin ba ka duba ba, wa zai duba maka?

Kada masu Hilux su ce sun tsira don ba daga Amurka ake kawo ta ba. Abin da ya kashe waɗancan mutum huɗu yana cikin kusan kowace motar kaya da ke tasharmu. Ku leƙa ku gani. Shimfiɗar kamfani a ƙasa, an ɗora ta roba a kai, an ƙara guntun kafet, wani har da kwali da buhu don kada laka ta ɓata. Maɗaurin da ke riƙe shimfiɗa a wurinta ya karye tun tuni. Yaran wankin mota su ciro su wanke su mayar a karkace. Ga gorar ruwa tana birgima, ga sifana, ga silifas ɗin da direba ya tuɓe. Kana tattalin shimfiɗar naira dubu kaɗan, kana wasa da ranka da na mutanen da ke zaune a kan lodi a baya.

Sai makanikai. A tsofaffin motoci masu waya daga totur zuwa inji, wayar tana tsatsa, silinta yana tsinkewa ɗaya-ɗaya har ta cije a cikin kwanso. Sifirin ɗin da ke dawo da totur yana sanyi. Maimakon a sayi sabo, sai a ɗiga baƙin mai, a ɗaure da guntun robar tif, a ce "je ka, za ta kai ka." Direba ya ce wa mai mota totur yana nauyi, mai mota ya ce a yi wannan lodin tukuna. Araha ba ta ado, kuma a nan da rai ake biya. Masu injin dizal mai tabo kuwa su sani akwai wata masifar: idan tabo ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, injin yana iya komawa shan man nan ya yi ta ruri da farin hayaƙi, ko an zare makulli ba zai mutu ba. Wanda motarsa ke shan baƙin mai fiye da ƙima tana hayaƙi, an riga an yi masa gargaɗi.

Masu kare kamfanoni suna cewa ai hukumar NASA ta bincika a 2011 ba ta sami laifi a kwamfutar motocin Toyota ba. Gaskiya ne. Amma a karanta maganar har ƙarshe: hukumomin Amurka sun tabbatar da matsalar shimfiɗa da ta totur mai cijewa, sannan suka ce a lokuta da dama direba ne ya taka totur yana zaton birki ne. Wannan ma a kanmu take faɗawa. Mutum ya shekara goma da mota mai kuloci, a wayi gari a miƙa masa makullin otomatik ba tare da an nuna masa komai ba, ya shiga cunkoson Mile 12 ko Bodija. Ya firgita, ƙafa ta sauka inda bai nufa ba, mota ta zabura, ya ƙara dannawa.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganin ba shi da tsada. Idan totur ya maƙale, ka danna birki da dukkan ƙarfinka ka riƙe. Kada ka riƙa takawa kana ɗagawa, domin a injin fetur idan totur yana buɗe, ƙarfin da ke taimaka wa birki yana ƙarewa bayan taku ɗaya ko biyu, birkin ya koma kamar dutse. Daga nan ne ake samun "birki ya tsinke." Ka mayar da giya firi, wato kan harafin N, mai kuloci kuma ya danne kuloci. Injin zai yi kuka kamar zai fashe, ƙyale shi, ana sayen inji a Ladipo. Ka gangara gefen hanya, ka tsaya, sannan ka kashe. Idan giya ta ƙi fita dole sai an kashe a guje, ka murɗa makulli taki ɗaya kawai, kada ka kai shi ƙarshe sitiyari ya kulle. Mai maɓallin tayarwa a irin waɗancan motocin Toyota sai ya danne shi daƙiƙa uku, taɓawa ɗaya ba ta kashe shi. Kuma kada ka sunkuya kana ƙoƙarin ciro totur da hannu mota tana gudu.

Direbobinmu nawa ne suka san wannan? Wa ya taɓa tara su ya faɗa musu? Muna da shugabannin tasha, muna da sarakunan Hausawa, ana karɓar kuɗin ƙungiya kullum. Awa ɗaya ta isa a tara direbobi a nuna musu, a gayyato jami'an FRSC su ƙara haske. Su ma jami'an duba lafiyar mota, da suna leƙa ƙarƙashin sitiyari kamar yadda suke bin takardu, da an rage.

Mu da ke zaune a Kudu mun san haɗarin direbanmu ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Ya buge mutum ɗaya a bakin kasuwa, kafin a tambayi me ya faru an fara tambayar ɗan wace ƙabila ne. Mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ne za su kwana a firgice. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda aka gaya masa totur yana cijewa ya ce a yi lodi tukuna, ba shi da bakin ambatonta a gaban marayu.

Kowa ya je ya cire shimfiɗar da ya jibga yau, ya bar ɗaya tak mai maɗauri. Mai tokumbo ya duba lambar shasinsa. Direban da ya ji totur yana nauyi ya ajiye makulli, ƙungiya kuma ta tsaya masa idan mai mota ya nemi korarsa. Ku tura wa duk direban da kuka sani. Allah ya tsare mu a hanya.