Ra'ayinmu: Katin Asibiti Ya Fi Sayar Da Karsana Sauƙi

Duk wanda ya daɗe a kara ya san saniyar da aka kawo kasuwa don ciniki, ya kuma san wadda aka kawo don ana jiran kuɗinta a asibiti. Ita ta biyun ba a jayayya a kan farashinta, abin da aka taya shi mai ita zai karɓa. Ta haka garken da aka yi shekara goma ana tarawa yake zubewa a damina guda. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu ja hankalin 'yan'uwanmu makiyaya da fataken shanu na ƙasar Gana a kan inshorar lafiya.

Idan ba a manta ba, tun daga 1985 aka ɗora wa marasa lafiya biyan kuɗi a asibitocin gwamnatin Gana, har abin ya kai ga sai ka biya kafin a ba ka magani. Don a kawar da wannan ne gwamnatin Shugaba Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, a 2003. A 2008 aka ƙara da kula da masu juna biyu kyauta. A 2012 kuma aka yi wa dokar garambawul, aka haɗe shirye-shiryen gundumomi suka zama guda, ta yadda katin da aka yanka a Bawku zai yi aiki a Kumasi.

To, ina kuɗin suke fitowa? Mafi yawansu daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari ne da aka ɗora a kan kayayyaki da ayyuka. Ke nan Bafulatanin da ya sayi katin waya ko batir ko babur ya riga ya zuba nasa a asusun, ko ya sani ko bai sani ba. Idan bai yanki kati ba, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar shiga ba ta da wuya. Wanda ba ya aikin albashi yakan je ofishin NHIS na gunduma ya yi rajista, ya biya kuɗin shekara, wanda bai kai kuɗin ɗan akuya ba. An yafe wannan kuɗi ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da mata masu ciki, da matalautan da hukuma ta tantance, ko da yake yara da tsofaffi sukan biya ɗan ladan rajista. Katin yana ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon ciki, haihuwa, har da tiyatar ciro jariri.

Me ya hana mutanenmu shiga? Na farko, nisa. Ofis yana gari, makiyayi yana daji, yinin da zai ɓata a layi yini ne da shanu ba su da mai kora. Na biyu, katin na shekara guda ne, kuma sau da yawa yakan mutu ana tsakiyar mashekari. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne maganar takardun shaida. Tun da aka fara haɗa katin inshora da katin ɗan ƙasa, Fulani da dama da aka haife su a Gana suna kukan ana yi musu kallon baƙi a wajen rajista.

A nan muna so kowa ya riƙe wannan da kyau: dokar 2012 ta yi maganar duk mazaunin Gana ne. Kotun Ƙoli ma a 2014 ta hana a yi amfani da katin inshora a matsayin shaidar zama ɗan ƙasa wajen rajistar zaɓe, domin kuwa ana ba da shi ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Saboda haka babu ma'aikacin da yake da hurumin korar mace mai ciki don sunanta ko harshenta.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Akan yi jinkirin biyan asibitoci, akan ce magani ya ƙare a tura mutum kyamis, kuma katin ba ya ƙetare iyaka zuwa Burkina Faso ko Togo. Amma da babu gara ba daɗi.

Muna kira ga hukumar inshora da ta riƙa kai ma'aikatan rajista kasuwannin shanu, irin su Tulaku da ke Ashaiman, a ranakun kasuwa, tare da mai jin Fulatanci da Hausa. Idan malamin dabbobi yana iya bin garke har ruga don allurar rigakafi, mai rajista ma zai iya.

Muna kuma kira ga arɗo-arɗo da sarakunan zango da shugabannin dillalai su rubuta sunayen iyalan da ba su da kati, su kai su a ƙungiyance. Tun daga 2018 ana sabunta kati ta wayar hannu da lambar *929#, don haka a sa yaro mai karatu a kowace ruga ya riƙe ranakun. A tuna sabon shiga yakan jira wata guda kafin katinsa ya fara aiki, wanda ya bari sai ciwo ya zo ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maigida, kafin a tashi kiwon rani, a duba katin uwargida da na yara kamar yadda ake duba lafiyar maruƙa. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu, amin.